Lissafin gero da takarda: yadda ake gina labarin fararen hular Yukiren a mamayar 1941

Duk wanda zai rubuta ƙagaggen labari a kan mutanen Yukiren a zamanin yaƙin Hitila, abu na farko shi ne ya daina cewa "Yukiren a hannun Jamus" kamar wuri guda ne. Tsakanin 1941 da 1944 kashi-kashi aka yi ƙasar, kowane yanki da mai mulkinsa da irin yunwarsa. Tsakiyar ƙasar, har da Kyiv, tana ƙarƙashin wani ɗan Nazi mai suna Erich Koch, kuma hedikwatarsa a ƙaramin garin Rivne take, ba a Kyiv ba. Lviv da yankin Galisiya an liƙa su da gwamnatin mamaya da Jamus ta kafa a Folan. Odesa Romaniya aka ba. Kharkiv da sauran gabas, saboda kusancinsu da fagen daga, ba su taɓa fita daga hannun soja ba.

Bambancin ba na taswira ba ne kawai. A Odesa 'yan Romaniya sun bar ƙananan sana'o'i, kasuwa na ci, cin hanci na buɗe ƙofa, macen da ba Bayahudiya ba za ta iya soya wani abu ta sayar ta ciyar da 'ya'yanta. A Kharkiv kuwa, a hunturun 1941 zuwa 1942, mutane na faɗuwa a titi saboda yunwa. Shi kuma Bayahuden Odesa, wadatar kasuwar ba ta amfane shi da komai ba, domin tun a Oktoban 1941 aka kashe dubun dubatarsu. Saboda haka kafin ka raɗa wa tauraruwarka suna, ka tsayar da gari, ka tsayar da wata. In ba haka ba za ka ɗauko kasuwar Odesa ka dasa a Kharkiv, wanda ya san tarihin ya rufe littafin tun a babi na biyu.

Zan ɗauki Kyiv da ƙauyukan kewayenta, don a nan aka fi samun abin kamawa.

Sojojin Jamus sun shiga birnin ranar 19 ga Satumba 1941. Ranar 24 ga wata bama-baman da Sobiyet, masu mulkin Yukiren kafin mamayar, suka binne kafin su janye suka fara tashi a babban titin Khreshchatyk, wuta ta yi kwanaki tana ci, dubban mutane suka rasa muhalli. Ranar 28 aka manna sanarwa cewa duk Yahudawan birnin su hallara washegari da ƙarfe takwas na safe, da takardunsu da kuɗinsu da tufafin sanyi. A ranakun 29 da 30 aka harbe mutum 33,771 a kwazazzabon Babyn Yar, bisa ƙidayar makasan da kansu. Duk wannan cikin kwana goma sha biyu.

A nan ne marubuta da yawa ke yin tuntuɓe: sai su ba tauraronsu sanin da sai bayan yaƙi aka samu. Mutanen da suka ɗauki akwatunansu a ranar 29, da yawansu sun zaci jirgin ƙasa za a saka su a kai su wani wuri, domin inda aka ce su taru yana kusa da tashar kaya. Daga 1939 zuwa Yunin 1941 akwai yarjejeniya tsakanin Mosko da Barlin, jaridun Sobiyet sun ja bakinsu game da abin da ake yi wa Yahudawa a Jamus da Folan. Tsofaffi kuma suna tuna Jamusawan da suka zo a 1918 a matsayin mutane masu tsari. Idan ka sa wata kaka ta hau kan 'yarta da faɗa cewa a yi sauri kada a rasa wurin zama a jirgi, ka fi kusa da gaskiya fiye da wanda ya sa kowa yana kuka tun daga gida. Mai karatu ya sani, su ba su sani ba, kuma wannan tazarar ita ce ke riƙe shi.

Akwai kuma abin da suka sani wanda kai za ka iya mancewa. Duk ɗan shekara ashirin a ƙauyen tsakiyar Yukiren a 1941 ya tsallake yunwar 1932 da 1933, wadda ta kashe mutum kusan miliyan huɗu, ya ga kamen da gwamnatin Sobiyet ta yi a 1937 da 1938. Shi ya sa wasu ƙauyuka suka tarbi Jamusawa da burodi da gishiri, suna tsammanin za a rushe gandun gwamnati a mayar musu da gonakinsu. Ba a rushe ba. A farkon 1942 suna kawai aka sauya masa, domin babu hanyar kwasar hatsi da ta fi shi sauƙi. Mutumin da ya yi murna a watan Agusta, ya dawo yana ɓoye hatsi a watan Disamba a ramin da ya haƙa tun 1932, wannan mutum ne na gaske, ba sai ka ƙara masa gishiri ba.

Abinci

A ganina jigon irin wannan labari ba bindiga ba ne, lissafin tukunya ne. Yunwar Kyiv shirya ta aka yi. Manufar Barlin ita ce abincin ƙasar ya tafi ga soja da Jamus, birane su bushe. An kafa shingaye a hanyoyin shiga gari, 'yan sanda suna ƙwace abin da aka ɗauko daga ƙauye. Burodin da ake bayarwa da kati ɗan mitsitsi ne, an cakuɗa shi da ƙaiƙayin gero da tarkace, yana rugurgujewa a hannu. Birnin da ƙidayar 1939 ta ba shi mutum kusan 850,000, a Afrilun 1942 an ƙirga 352,000, ranar da Sobiyet suka dawo kuma wajen 180,000 suka rage. Wasu sun gudu gabas, wasu na soja, wasu an kashe, wasu an kwashe, wasu sun watse ƙauye neman abin kaiwa baka.

To ka ɗauki alƙalami ka yi lissafin gidan da ka ƙirƙira. A ce uwa ce da surukarta da yara biyu. Cikin sanyi suna buƙatar kalori wajen 7,000 a rana kafin a ce ba sa ramewa. Kilo ɗaya na dankalin turawa bai kai kalori 800 ba, ke nan idan shi kaɗai za su ci, sai sun cinye wajen kilo tara kullum. Ma'aunin mutanen ƙauye shi ne pud, kilo 16 da ɗoriya, kuma kusan shi ne abin da mace mai yunwa za ta iya goyawa ta yi doguwar tafiya. Pud ɗaya na dankali abincin kwana biyu ne. Pud ɗaya na gero ko alkama kuwa, da yake kilo ɗaya ya haura kalori 3,000, zai kai su mako guda da ɗan wani abu. Saboda haka macen da ta san abin da take yi hatsi take ɗaukowa, ko wake, ko ɗan kitse. Ga shi kuma dankali idan ya daskare a hanya zaƙi yake yi, da ya narke sai ya yi ruwa ya ruɓe. Marubucin da ya sa tauraruwarsa ta yi tafiyar kwana uku cikin Janairu ta dawo da buhun dankali lafiyayye bai yi lissafi ba.

Tafiyar musayar kanta babi ce guda. Kuɗi ba su da daraja a ƙauye. Har tsakiyar 1942 rubul ɗin Sobiyet ake kashewa, sannan aka fito da karbovanets na mamaya, goma a bakin mark ɗaya na Jamus, amma manomi ba ya son takarda. Abin da yake so gishiri, ashana, sabulu, kananzir, allura, zare, takalmi, rigar sanyi. Ba-ni-gishiri-in-ba-ka-manda ne zalla, kuma a kasuwar birni ma da kofin gilashi ake auna gero da gishiri. A watan Disamba yini a Kyiv awa takwas ne, don haka mai ja da keken katakon nan da ke sulɓi a kan ƙanƙara ba ta wuce kilomita 25 zuwa 30 a rana. Ƙauyukan kusa su suka fara ƙoshi da kayan 'yan birni, farashi ya faɗi, dole a riƙa nausawa nesa. Da farko ana fita da labule da zannuwan gado, daga baya rigar miji, a ƙarshe keken ɗinki, wanda shi ne sana'ar gidan. Jerin abin da ya bar ɗakin daga Oktoba zuwa Maris ya isa ya zama ƙashin bayan labari.

Ka kawo kyamararka kusa a wurin ciniki. 'Yar birni, malamar makaranta a da, tana tsaye a bakin ƙofa ta warware mayafin ulu. Matar gida ta ɗaga shi ta duba ta hasken taga, ta shinshina, ta ja zaren gefe.

"Gwaggo, ki duba da kyau, sau biyu aka taɓa yafa shi."

"'Yar nan, mayafi huɗu ke cikin akwatina tun kaka. Gishiri fa, kin zo da shi?"

Matar ƙauyen ba muguwa ba ce. A 1933 ita ce ta je birni tana bara, ta ga layin burodin da ba ta da katinsa. Ba sai ta furta ba, ya isa ta riƙa share bakin kofin geron da yatsa kafin ta juye.

Me ya sa gishiri? Domin da shi ake tsallake hunturu. Kabeji ana yanka shi a danna a ganga da gishiri wajen giram 20 a kowane kilo, ke nan ganga mai kilo 50 tana cin kilo guda. Idan gishirin ya gaza, kabejin ya yi yauƙi ya lalace kafin tsakiyar sanyi. Haka kitsen alade, wanda suke kira salo, da gishiri ake adana shi. A nan sai marubuci Bahaushe ya daure: mutanen nan suna cin alade, suna dafa giyar gida mai suna samohon, kuma kwalbarta ita ce toshiyar da ta fi kowace aiki a wurin ɗan sanda. Idan ka wanke musu tukunya don kada mai karatu ya ji ƙyama, ka cire rabin tattalin arzikin ƙauyen.

Sauran abincin wuya: ɓawon dankali a wanke a niƙa a toya, saiwar da ake tatsar sukari a dafa ta har ta yi kauri a maimakon sukari, da makukha, wato abin da ke saura bayan an matse man 'ya'yan furen nan mai bin rana. Kusan tunkuza ce kafin a soya ta, sai dai ta dabbobi ce, cike da ɓawo, tauri kamar dutse, yaro zai wuni yana tsotsar gutsure ɗaya. Geron nasu ma ba irin namu ba ne, ƙanana ne rawaya, fate ake yi da shi. Kuma kada ka sa yunwa ta fi tsanani a Disamba. Ta fi cizo daga Maris zuwa Yuni, lokacin da ramin ajiya ya ƙare, dankalin da ya rage na iri ne, alkamar da aka shuka a Satumba kuma sai Yuli. Rigimar ko a ci irin ko a shuka shi ta raba gidaje.

Wuta, haske, kwarkwata

Hunturun 1941 zuwa 1942 na cikin mafiya tsanani, sanyi kan sauka ƙasa da 30 a ƙarƙashin sifili. Gidan ƙauye, khata, ginin laka ne da aka shafe da farar ƙasa, rufin ciyawa, daɓen ƙasa, kuma babban murhun da ake kira pich ya cinye wani sashe mai yawa na ɗakin. Ana hura shi da safe, da itace a arewa mai daji, da kara da busasshen kashin shanu a kudu, a tura tukwanen ƙasa ciki da sanda mai baki biyu, a rufe. Ginin yana riƙe zafi har dare, yara da tsofaffi a samansa suke kwana. Haɗarinsa ɗaya: idan aka toshe mafitar hayaƙi garwashi bai gama mutuwa ba, don tsimin ɗumi, iskar gawayin nan marar wari ta cika ɗaki, a wayi gari da ciwon kai ko da gawa. Wanda itacensa ya kusa ƙarewa shi ya fi saurin yin wannan kuskure.

A birni ƙaramin murhun ƙarfe ake sakawa tsakiyar ɗaki ɗaya, a fitar da bututunsa ta taga, kowa ya tare nan. Yana zafi nan take, yana hucewa nan take, don haka cin makamashi gare shi: shinge, kujeru, katakon daɓe, littattafai. Lantarki na Jamusawa ne da ofisoshinsu. Fitila aci-balbal ce. Ruwa a bokiti ake ɗaukowa, wani lokaci tun daga kogin Dnipro. An karɓe rediyo, an kafa dokar hana fita, har agogo aka mayar kan lokacin Barlin. Tauraron da ke zaune a falo yana sauraron labaran Mosko ba tare da ka nuna inda ya ɓoye akwatin da abin da zai same shi in an gani ba, wannan tatsuniya ce.

Rashin sabulu ke kawo kwarkwata, kwarkwata ke kawo zazzaɓin taifus. Kada a haɗa shi da taifod, wanda gurɓataccen ruwa ke jawowa. Maganin gida shi ne a jiƙa tufafi da ruwan toka mai zafi, ko a cusa su cikin pich bayan an kwashe wuta, a bi ɗinki da farce. Jamusawa na tsoron taifus ƙwarai, shi ya sa alamar cutar a ƙofa takan zama katanga ga masu gida.

Takarda

Bayan abinci, abin da ke raya mutum ko ya kashe shi takarda ce. Fasfon cikin gida na Sobiyet, wanda aka fara a 1932, yana da layin da ke faɗin ƙabilar mai shi, kuma da wannan layin ake gane Bayahude. Manoman gandu yawancinsu ba su da fasfo ma sam, don haka kada ka sa soja ya tambayi tsohuwar ƙauye nata. A birni ana buƙatar shaidar aiki mai hatimi daga ofishin ƙwadago, ana sabunta ta, kuma da ita katin burodi ke tafiya. Kowane dogon gini yana da mai kula da shi da mai shara, suna riƙe da rajistar mazauna. Su ne suka san wane ne wane. Mai sharar gidan ya fi kowane janar muhimmanci a littafinka.

Jabun takardu sun ceci rayuka, musamman shaidar baftisma. Wani limamin coci a unguwar Podil, Oleksiy Hlaholev, da iyalinsa sun ɓoye Yahudawa, matarsa har fasfonta ta bayar aka sauya hoto. Amma takarda rabin aiki ce. Wadda ta ɗauki sabon suna sai ta iya addu'o'in coci, ta san yadda ake gicciye ƙirji, ta juya idan an kira sunan, kuma ta bar unguwar da aka san fuskarta. Inda asiri ya fi tonuwa shi ne a layin ruwa, wata tsohuwar 'yar ajinsu ta hango ta ta kira ta da sunan gaskiya cikin murna.

Ɓoye mutum a gida hukuncinsa kisa ne, sau da yawa har da iyalin gidan. Wahalarsa kuma ta yau da kullum ce: baki ɗaya ya ƙaru ba shi da kati, bokitin bayan-gida da za a fitar da dare, tari, sawu a kan dusar ƙanƙara zuwa rumbun da bai kamata a riƙa zuwa ba, maƙwabciyar da ta lura ana toya burodi fiye da na da, da yaro ɗan shekara biyar da ba ya riƙe magana. Fiye da mutum 2,600 daga Yukiren aka karrama bayan yaƙi saboda ceton Yahudawa, a ƙasar da aka kashe Yahudawa wajen miliyan ɗaya da rabi. Ka riƙe waɗannan lambobi biyu tare. Mai ceto ya wanzu, amma shi ne ƙalilan, kuma littafin da kowane gida ke da ɓoyayyen baƙo ƙarya yake yi. Wasu sun ɓoye don Allah, wasu don zobe, wasu sun ɓoye wata uku kuɗi suka ƙare suka kora. Ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Kamen ƙwadago

Abin da ya taɓa kusan kowane gida shi ne kwasar matasa zuwa Jamus. Fiye da mutum miliyan biyu aka kwashe daga Yukiren, da yawansu 'yan mata ne 'yan ƙasa da ashirin, aka liƙa musu ƙyalle mai rubutun OST, wato "gabas" da Jamusanci, a ƙirji. A farkon 1942 akwai masu zuwa da kansu, yunwa da farfaganda suka ja su. Da labarin yadda ake riƙon su ya dawo, sai kowa ya noƙe, aka koma kame a kasuwa da gidan silima da tsakar dare. Ka kula da wannan juyi: yarinyar da ta hau jirgi da murna a Janairun 1942 da wadda aka fizgo daga ƙarƙashin gado a 1943 ba labari ɗaya ba ne.

A ƙauye adadi ake yanka wa dagaci, wanda suke kira starosta, shi zai rubuta sunaye. Ga mutumin da ya dace da alƙalami. Idan bai cika adadin ba shi zai ɗanɗana, idan ya cika ya sayar da 'ya'yan maƙwabtansa, idan ya tsame 'yarsa dole ya saka ta wani, yawanci ta gwauruwa ko marainiya da ba ta da mai tsaya mata. Da dare kuma mayaƙan sunƙuru masu yaƙar Jamusawa na iya zuwa su tambaye shi dalili. Gaba kura, baya sayaki. Dabarun kuɓuta sun haɗa da auren gaggawa, toshiyar likita, kwana a rami, da jawo wa kai ciwo: a ƙona fata, a goge ta har ta yi kama da ƙazuwa. Wani lokaci dabarar ta ci, wani lokaci gyambon ya ruɓe. Wanda ya gudu kuma akan kama uwarsa ko a cinna wa gidansu wuta.

Maganar mayaƙan sunƙuru, suna buƙatar daji, daji kuma a arewa yake, wajen Chernihiv da Sumy da Polisiya. A filin kudu babu wurin ɓuya, kada ka kai su can. Su ma ci suke yi, kuma saniyar da suka kora da dare ita ce ta gidan tauraruwarka. Ramuwar gayya a kan farar hula take sauka. A Nuwamban 1941 kwamandan Kyiv ya sanar da harbe mutum 300, daga baya 400, saboda zagon ƙasa. A farkon Maris 1943 aka ƙone garin Koriukivka aka kashe mutum wajen 6,700 bayan wani harin 'yan sunƙuru.

Wata ƙofar labari da ba a cika shiga ba ita ce ta fursunonin yaƙi. A kewayen Kyiv kaɗai an kama sojan Sobiyet fiye da 600,000 a Satumban 1941, aka tara su a fili bayan waya, irin sansanin Darnytsia, yunwa na kashe su. Mata kan je su jefa dankali ta saman waya, kuma a watannin farko akan saki ɗan Yukiren idan mace ta ce mijinta ne. Da yawa sun nuna wanda ba su taɓa gani ba. Yanzu ga baƙon namiji a ɗaki, ga suruka tana kallo, ga mijin gaskiya ba a san ko yana raye ba.

Sunaye da kira suna da ƙa'ida. Babba ana kiransa da sunansa haɗe da na ubansa don girmamawa, a gida kuma da sunan shagwaɓa, Halyna ta koma Halia. Yaran ƙauye da lamirin jam'i suke yi wa iyayensu magana, kowace babbar mace gwaggo ce, kowane dattijo kawu ko kaka. Titin Kyiv da Kharkiv Rashanci ya fi yawa, ƙauye Yukirenanci, Lviv harshen Folan, ga Yidish na Yahudawa. Coci-cocin da Sobiyet suka rufe sun sake buɗewa, aka yi ta baftismar yara har da manya, Kirsimeti kuma 7 ga Janairu ne a lokacin.

A yi hattara da labaran da suka yi daɗin baki. Wanda ya fi shahara shi ne wasan ƙwallon 9 ga Agusta 1942, da ƙungiyar Start, tsofaffin 'yan wasan Kyiv masu aiki a gidan burodi, ta ci ta sojan Jamus 5 da 3. An daɗe ana cewa daga fili aka wuce da su aka harbe. Ba haka aka yi ba. Sun sake buga wani wasa bayan mako guda, sannan aka kama su, ɗaya ya mutu a wurin tuhuma, uku aka harbe a sansanin Syrets a Fabrairun 1943, wasu sun rayu. Gaskiyar ta fi amfani ga marubuci, don a cikinta akwai watanni shida na rashin sanin makoma. Haka nan kada a kwaso abubuwan mamayar Rasha ta 2022 a zuba a 1941. Akwai kama, kamar ɗakin ƙarƙashin makarantar ƙauyen Yahidne inda aka tsare mutum fiye da 300 kusan wata guda, amma binciken waya da neman sabis wani littafin ne daban.

Sai batun inda za a tsaya. Sojan Sobiyet sun shiga Kyiv ranar 6 ga Nuwamba 1943, bayan Jamusawa sun kori mazauna unguwanni da dama sun ƙone abin da suka iya. Yawancin marubuta a nan suke rufewa da runguma. Amma a makonnin da suka biyo baya aka tattara mazan da suka rage aka tura fagen daga, wasu ko kaki ba a ba su ba. Dagaci da mai fassara da malamar da ta koyar a makarantar aji huɗu da Koch ya bari duk sun zauna gaban masu tuhuma. 'Yan matan OST da suka dawo a 1945 sai da suka bi ta sansanin tantancewa, da yawansu suka ɓoye wa 'ya'yansu inda suka je. Yunwa ta sake dawowa a 1946 da 1947. Shekaru da dama bayan haka, takardar neman aiki ko shiga jami'a tana ɗauke da tambayar ko mai nema ya zauna a yankin da abokan gaba suka mamaye, kuma "e" na iya rufe masa ƙofa. Don haka idan tauraruwarka ta yi wanki a barikin Jamusawa a 1942 don ta samu katin burodi, ka tanadi babin da za a tambaye ta wa ya ba ta aikin, nawa aka biya ta, kuma wace maƙwabciya ce ta kai sunanta.